Sunan Yanka da Sunan Takarda: Asalin Wasu Sunaye Masu Dangantaka a Bonkuku da Ƙasar Kurfai

1. Gabatarwa

Garin Bonkuku, wanda ake rubutawa Bonkoukou a takardun hukuma, shi ne babban garin ƙasar Imanan. Yana cikin Dallol Boso, kudu da Filinge, a kan hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara. Daga arewa Kurfayawa ne masu magana da Hausa, daga kudu kuma Zabarmawan Tondikandiya. Abzinawan Imanan sun sauka cikin kwarin tun ƙarni na 19 suka zama mazauna gari, kamar yadda Henri Guillaume ya bayyana a littafinsa na 1974. Saboda haka a kasuwar Bonkuku ana iya jin suna ɗaya a baki uku: Bahaushe ya faɗe shi, Bazabarme ya sake shi, Ba'abzine ya ba shi wata kama. Tun zuwan Faransawa kuma aka sami kama ta huɗu, watau wadda magatakarda ya rubuta.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a nuna cewa da yawa daga sunayen da ake ɗauka daban-daban ne a wannan yanki ƴaƴan tushe ɗaya ne, kuma suna da ƴan'uwa a cikin kalmomin yau da kullum. Za a kwatanta su da sunayen Ingilishi da na Faransanci, domin daga can ne al'adar "sunan iyali" ta shigo ofisoshinmu. A ƙarshe za a duba abin da wannan tarihi yake nufi ga masu tsara aikin yaƙi da jahilci, tun da yake kalmar farko da baligi yake roƙon a koya masa rubutawa ita ce sunansa.

2. Tushe ɗaya, sunaye da yawa

Mafi yawan sunayen yanka na Musulmin Kurfai da Imanan daga Larabci suka fito, kuma kalmar Larabci a kan saiwa mai baƙaƙe uku ake gina ta. Saiwar h-m-d tana nufin yabo. Daga gare ta aka sami Muhammadu, watau wanda ake yawan yabo, da Ahmadu, da Mahmudu, da Hamidu. Daga ita kuma aka sami kalmar hamdala, da godiyar da kowa yake yi in an tambaye shi lafiya. A bakin Hausawa Muhammadu ya zama Mahamadu, Mahamman da Mamman; Ahmadu ya zama Amadu; Mahmudu ya zama Mamudu. A bakin Zabarmawa ana jin Hama da Hamani. Wasalin u da yake ƙarshen irin waɗannan sunaye alamar li'irabin Larabci ce, kuma shaida ce cewa ta hanyar malamai da karatun allo sunayen suka shigo. Haka nan tu ɗin da yake ƙarshen A'ishatu, Aminatu, Hadizatu da Salamatu.

Saiwar h-s-n tana nufin kyau. Ita ta ba da Hasan da Husaini, sunayen jikokin Annabi, waɗanda Hausawa da Zabarmawa suke raɗa wa tagwaye, da Hasana da Usaina idan mata ne, da kalmar ihsani. Zabarmawa sun yanke kan Husaini ya koma Saini. Wannan shi ne sunan Seyni Kountché, wanda aka haifa a Fandu cikin Tondikandiya a 1931, ya kuma shugabanci Nijar daga 1974 zuwa 1987. Saiwar r-z-ƙ ta ba da Abdurrazaƙi a gefen sunayen addini, ta ba da kalmar arziki, daga arziki kuma Hausawan yamma suka ƙera sunan Arzika.

Abzinawa suna da tasu ƙa'ida. Baƙin ainun na Larabci, wanda Bahaushe da Bazabarme suke yar da shi a farkon kalma, su sukan mai da shi wani sauti na maƙogwaro da Faransawa suka riƙa rubutawa da gh ko rh. Ta haka Isa ya zama Ghissa ko Rhissa, Umaru ya zama Ghumar, Usmanu ya zama Ghusman. Ke nan Rhissa ag Boula, wanda ya riƙe ministan yawon buɗe ido, takwara ne ga Isa Korombe, jarumin Zabarmawan Dallol Boso da ya rasu a yaƙin Bumba a 1896, ko da yake idon mai karanta takarda ba zai nuna masa haka ba.

Sai dai kama da wane ba ta wane. Kalmar isa ta Zabarmanci mai nufin kogi, da isa ta Hausa mai nufin kai wa wuri ko wadata, babu abin da ya haɗa su da sunan Isa illa kamannin sauti. Haka kuma Gado, sunan da ake ba wanda aka haifa bayan tagwaye, a rubuce bai bambanta da gadon kwana ko gadon dukiya ba. Mai nazarin sunaye ba ya yanke hukunci da kamanni sai ya ga ƙa'idar sauyin sauti tana maimaituwa.

3. Ranaku, lissafi da sunaye

Babu inda dangantakar suna da kalma ta fi fitowa fili kamar a lissafi. Ranakun mako biyar, daga Lahadi zuwa Alhamis, ƙidaya ce ta Larabci daga ɗaya zuwa biyar. Daga su aka sami sunayen rana: Ladi da Ɗanladi, Tani da Ɗantani, Talatu, Laraba da Balarabe, Lami da Ɗanlami. A ɗaya gefen kuma, idan uba ya raɗa wa ƴaƴansa maza sunan Muhammadu a jere, sai a bambanta su da lamba: Auwalu ko Lawali, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har zuwa Ashiru na goma. Sa'an nan akwai kalmomin rabon gado, watau sulusi, rubu'i, humusi, sudusi da sumuni, da kalmomin ƙidaya irin su talatin, arba'in, hamsin da tamanin.

In an jera su sai a ga Talata, Talatu, talatin, Salisu da sulusi duk saiwa ɗaya ce mai nufin uku. Me ya sa wasu suka fara da t wasu da s? A 1947 Joseph Greenberg ya nuna cewa aron Larabci a Hausa hawa biyu ne. Akwai tsohon hawa wanda ya shigo ta bakin mutane masu magana da Larabcin gari, inda baƙin sa mai ɗigo uku ya riga ya zama t, kuma sau da yawa kalmar takan zo manne da al- ko l- a gabanta. Akwai kuma hawa na biyu wanda ya shigo ta littattafan malamai, inda wannan baƙi ya zama s. Saboda haka Litinin da Tani na hawan farko ne, Sani na hawa na biyu. Tamanin na farko, Saminu da sumuni na biyu. Yarinya mai suna Talatu da yayanta Salisu suna ɗauke da zamani biyu na tarihin harshe a gida ɗaya.

Jumma'a ba lamba ba ce. Saiwarta j-m-' tana nufin taruwa, ita ce ta jama'a, jam'iyya, jami'a da jam'i, kuma ita ta ba da Jummai da Ɗanjuma. Zabarmawa suna ce wa ranar Alzuma, suna kuma kiran ɗa da wannan suna, kamar yadda suke kiran Tinni daga Atinni, watau Litinin. Alzuma da Ɗanjuma ke nan ma'anarsu ɗaya. Asabar kuwa, mahaifiyar Asabe da Ɗan'asabe, daga kalmar ranar hutu ta Yahudawa take, ba ta da alaƙa da Sabi'u na bakwai, duk da cewa ita ce rana ta bakwai.

4. Alkunya da laƙabi

Wani abin da yake ƙara yawan sunaye shi ne alkunya. Uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, mace ba ta faɗin sunan mijinta, kuma idan aka mayar wa yaro da sunan kakansa sai gidan duka ya nemi abin da zai sakaya da shi, kamar Baba, Abba ko Uwa. Daga nan ne sunaye da dama suka sami laƙabi tabbatacce. Abubakar shi ne Garba, ban da Bubakar, Buba, Habu da Bukar da ake yankowa daga jikinsa. Usmanu shi ne Shehu, don girmama Shehu Usmanu ɗan Fodiyo wanda ya rasu a 1817. Musa shi ne Kalla, daga laƙabinsa na Larabci mai nufin wanda Allah ya yi magana da shi. Umaru shi ne Sanda, A'ishatu ita ce Indo, Hauwa ita ce Kulu, Fatima kuwa Binta, daga kalmar Larabci mai nufin ɗiya.

Bayan waɗannan akwai sunayen Hausa tsantsa masu bayyana halin da aka haifi yaro a ciki: Tanko wanda ya biyo mata, Kande wadda ta biyo maza, Nomau na lokacin noma, Anaruwa na lokacin ruwa, Cindo mai yatsa shida, Ajuji da Ayashe waɗanda ake ba ɗan wabi don a nuna kamar ba a damu da shi ba. Daga Fulani kuma aka aro Dikko na fari da Sambo na biyu. Abin lura shi ne, sau da yawa da irin wannan suna aka san mutum a gari, sunan yankan kuwa sai liman da iyaye.

5. Yadda Turawa suka sami sunan iyali

Sunayen Turai ma haka suka yi rassa. Yohanan na Ibrananci, mai nufin Ubangiji ya yi alheri, ya bi ta Girkanci da Latin ya zama Jean a Faransa, John a Ingila, Ivan a Rasha. Annabin da Kiristoci suke kira da shi shi ne Alƙur'ani ya kira Yahaya ɗan Zakariyya. Yosef ya zama Joseph a can, a nan kuma Yusufu, Isuhu a Hausar yamma, Isifi a Zabarmanci. Maryam ta zama Marie da Mary, kuma kamar yadda Hausawa suka fitar da Mairo daga Mariyama, haka Ingilishi suka fitar da Molly da Polly daga Mary, da Dick daga Richard.

Bambancin yana wurin suna na biyu. A Ingila sunan iyali mai gado ya fara ne a gidajen sarauta bayan da Normandawa suka ci ƙasar a 1066, kuma wajen 1400 yawancin iyalai sun riga sun sami nasu. Hanyoyi huɗu aka bi. Ta farko sunan uba: Johnson, Jones da Jackson duk ɗan John suke nufi, Dixon ɗan Dick, Dawson ɗan David, watau Dauda. Ta biyu sana'a: Smith maƙeri ne, kamar Lefebvre na Faransawa, Taylor maɗinki ne, daga kalmar tsohon Faransanci mai nufin mai yanka, kuma ita ce kalmar da Hausa ta ara ta zama tela. Ta uku wurin zama, irin su Hill da York. Ta huɗu siffa, irin su Long da Short, daidai da Dogo da Gajere. A ƙasar Wales an daɗe ana amfani da ap, wadda take daidai da ɗan na Hausa da ag na Abzinawa, kafin ta manne da sunan uba ta daskare: ap Hywel ya zama Powell, ap Rhys ya zama Price.

Duk waɗannan hanyoyi huɗu Hausa tana da su. Abin da ba ta yi ba shi ne daskarar da suna ya bi zuriya. A Turai ma hukuma ce ta ƙarasa wannan aiki. A Faransa dokar Villers-Cotterêts ta 1539 ta wajabta wa limaman coci ajiye rajistar baftisma, sa'an nan dokar 23 ga Agusta 1794 ta hana ɗan ƙasa amfani da wani suna in ba wanda yake cikin takardar haihuwarsa ba. A Aljeriya dokar 23 ga Maris 1882 ta tilasta wa Musulmi ɗaukar sunan iyali, Turkiyya kuma ta yi tata dokar a 1934. Amma har yanzu ƙasar Aisland da sunan uba take aiki, yana sauyawa daga tsara zuwa tsara, kuma wannan bai hana ta ajiye rajista ingantacciya ba.

6. Sunan takarda a Kurfai da Imanan

Faransawa sun kafa bariki a Filinge a farkon ƙarni na 20. Da su aka fara rubuta sunayen talakawa da boko, domin karɓar lanho, da aikin tilas, da ɗaukar soja, daga baya kuma da ɗaukar ƴan lakwal. A 1933 Gwamna-Janar na Dakar ya fitar da dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta ƴan ƙasa, aka sake tsara ta a 1950. Bayan samun mulkin kai a 1960 Nijar ta yi nata dokokin a 1985, 2007 da 2019. A duk tsawon wannan lokaci takardar tana da gurbi biyu irin na Faransa, ɗaya na sunan mutum, ɗaya na sunan iyali. Abubuwa uku suka biyo baya.

Na farko, an rubuta sunaye da ƙa'idar Faransanci. Aka sa ou a madadin u da w, ch a madadin sh, tch a madadin c, dj a madadin j, ss a tsakanin wasula, aka ƙara e a ƙarshe don a hana n shiga hanci. Ƙugiyar ɓ, ɗ da ƙ ta ɓace, haka ma hamza. Isuhu ya zama Issoufou, Shu'aibu ya zama Chaïbou ko Saïbou, Lawali ya zama Laouali, Hauwa ta zama Haoua. Tun da babu ƙa'ida guda, kowane magatakarda da irin kunnensa: Hassane, Assane da Alassane, ko Ousseini, Housseini da Seyni. A ƙetaren iyaka, inda Ingilishi suka yi mulki, ɗan'uwan Ousmane ya zama Usman, ƴar'uwar Zeinabou ta zama Zainab. Kuma Hausar Filinge, wadda Jean-Guy Malka ya kwatanta furucinta da na daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya a 1978, tana da nata lafazin, musamman wajen baƙin f, wanda rubutun Faransanci bai kula da shi ba.

Na biyu, an cika gurbin sunan iyali da sunan uba. Alal misali, Musa ɗan Garba ya zama Moussa Garba, ɗansa Ali ya zama Ali Moussa, jikansa kuma ba shi da Garba ko kaɗan a takarda. Da yake rajistar lakwal da ta soja suna fara rubuta sunan iyali, sai jerin ya riƙa juyawa. Ko shugabannin ƙasa ba su tsira ba: ana rubuta Diori Hamani da Hamani Diori, Tandja Mamadou da Mamadou Tandja, Issoufou Mahamadou da Mahamadou Issoufou. Inda aka bar ɗan kuwa, sai ya zama kamar suna mai zaman kansa, kamar a sunan Dan Dicko Dankoulodo wanda jami'ar Maraɗi take ɗauke da shi.

Na uku, a wasu gidaje, musamman na sarauta da na waɗanda suka shiga lakwal da wuri, suna ya daskare ya zama na gado irin na Turai. Misali mafi kusa yana Filinge. Mayaƙi kalma ce ta Hausa daga yaƙi, kuma laƙabi ne da aka san Gado Namalaya da shi, jarumin da Faransawa suka tabbatar a kan sarautar Kurfai. A takarda ƙugiyar ta faɗi, ya zama Mayaki. Adamou Mayaki, haifaffen Filinge a 1919, ya riƙe ministan harkokin waje daga 1963 zuwa 1965, ɗansa Ibrahim Assane Mayaki kuma ya zama firayim minista daga 1997 zuwa 2000. A nan kalma ta zama laƙabi, laƙabi ya zama sunan iyali, cikin ƙasa da shekara ɗari, tafiyar da ta ɗauki Ingila ƙarni uku. A Nijeriya ta Arewa makarantun boko sun fi karkata ga sunan gari, shi ya sa aka sami Aminu Kano, Sa'adu Zungur da Shehu Shagari.

7. Abin da ya shafi yaƙi da jahilci

Nijar ta fara aikin koyar da manya karatu a 1963. Taron UNESCO na Bamako a 1966 ya tsara baƙaƙen harsunan ƙasa, an buɗe makarantar gwaji ta Hausa a Damagaram a 1973, an yi taron daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Nijeriya a Yamai a 1980, gwamnati kuma ta tabbatar da ƙa'idojin rubutu a 1999. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Duk da haka ƙa'idar rubutun Hausa ba ta kai ga sunayen mutane a takardun hukuma ba.

Manomin dankali a Bonkuku da ya shiga ajin manya zai koyi cewa harafin u shi ne u, ya rubuta Usmanu Shu'aibu da hannunsa. Idan ya ɗauko katinsa na ɗan ƙasa sai ya ga Ousmane Chaïbou, ko ma Chaïbou Ousmane, ya kasa karanta sunansa da ilmin da aka ba shi. Idan kuma takardar haihuwar ɗansa ta ce Mahamadou, rajistar lakwal ta ce Mamane, to ranar jarrabawa doka mutum biyu take gani, sai an je gaban alƙali a gyara. Haka abin yake ga mace da aka rubuta Fatouma a wuri ɗaya, Binta a wani wuri.

Saboda haka ana ba da shawara uku. Ta farko, a tattara kundin sunayen yankin, kowane suna da tushensa da ma'anarsa, da yadda ake faɗinsa a Hausa, Zabarmanci, Tamajak da Fulatanci, da rubutunsa na ajami, da dukan kamannin da ya ɗauka a rubutun Faransanci. Ƙamus na Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun tanadi sunaye da dama da za a fara da su, amma na Kurfai da Imanan sai an bi gari gari an ji daga bakin masu su. Ta biyu, littafin farko na ajin manya ya ƙunshi darasi guda da zai nuna yadda ou, ch, tch da dj suke daidai da u, sh, c da j, domin mai koyo ya gane sunansa a rubutu biyu. Ta uku, duk takardar da za a tsara da Hausa ta kasance da gurbin sunan yanka, da na uba, da na kaka, da na laƙabi, maimakon a ari gurbi biyu na Faransa a fassara.

8. Kammalawa

Sanin cewa Mamman da Hama daga Muhammadu suke ba dalili ba ne na a goge su a mayar da kowa ga lafazin Larabci. Kowace kama shaida ce ta hanyar da sunan ya bi, ta kasuwa ko ta zauren malam, ta bakin Bahaushe, Bazabarme ko Ba'abzine. Aikin kundin shi ne ya nuna wa magatakarda da malamin aji cewa waɗannan kamanni ƴan gida ɗaya ne, sa'an nan a rubuta wa kowane mutum wadda aka raɗa masa ranar suna, da baƙaƙen da zai iya karantawa da kansa.